Sankarar Baki: Gano Ta da Wuri, Gano Ta Daidai

Mu ƙaddara wani magidanci ne a garin Achilafiya, cikin Ƙaramar Hukumar Yankwashi ta Jihar Jigawa, ya wayi gari da ɗan gyambo a gefen harshensa, bai fi girman ƙwayar wake ba. Ba ya zafi, bai hana shi cin tuwo ba, ga shi kuma damina ta kankama. Sai ya ce haƙori ne ya karce shi. Bayan wata guda gyambon yana nan, sai ya sayi ƙwayoyi a kemis. Bayan wata uku wata kaluluwa mai tauri ta fito masa a wuya, aka ba shi shawara ya je wanzami ya yi mata sakiya. Sai bayan kaka, da ya sayar da gyaɗa da riɗi, magana kuma ta fara yi masa wuya, sannan ya hau mota zuwa Kazaure, daga can aka ba shi takarda zuwa Kano.

Wannan misali ne kurum, amma malaman asibitocin Kazaure da Roni da Gwiwa da Ɓaɓura ba za su ji shi baƙo ba. A cikinsa akwai tambayoyi biyu da wannan maƙala za ta duba. Ta farko, yaya likita yake gane cewa gyambon da ke gabansa sankara ce, ba wata cuta mai kama da ita ba? Ta biyu, me ya sa ake daɗewa kafin a kai ga wannan ganewa, kuma me jinkirin yake jawowa?

Mece Ce Sankarar Baki?

Jikin ɗan Adam an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Kowace ƙwaya tana rabuwa biyu idan jiki ya buƙaci sabuwa, ta kuma tsaya idan buƙata ta biya. Sankara, wadda ake kira ciwon daji ko kansa, tana farawa ne idan umarnin da ke cikin ƙwaya ya lalace, ta dinga rabuwa ba tsayawa, 'ya'yanta su kutsa cikin naman da ke kewaye, daga baya su bi hanyoyin ruwan jiki zuwa kaluluwar wuya, har su kai huhu.

Cikin baki a shimfiɗe yake da wata fata mai laushi wadda faffaɗan ƙwayoyi suka jeru a kanta kamar daɓe. Sama da kashi 90 cikin 100 na sankarar baki daga waɗannan ƙwayoyi take tasowa. Wuraren da ta fi kamawa su ne gefen harshe, da ƙarƙashinsa, da cikin kunci, da dasashi, da leɓen ƙasa, da ganɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutane kusan 390,000 suka kamu da sankarar leɓe da baki a duniya, kimanin 188,000 kuma suka mutu da ita.

Manyan abubuwan da ke haddasa ta su ne taba da giya, kuma idan suka haɗu a mutum ɗaya haɗarin yakan ninka. Taba a nan ba sigari kaɗai ba ce. Har da garin tabar da wasu ke haɗawa da kanwa su cusa tsakanin leɓe da dasashi. A ƙasar Sudan, inda ake da irin wannan haɗi mai suna tumbak, bincike ya nuna yana ɗauke da sinadaran haddasa sankara masu yawan gaske, kuma ciwon yakan fito daidai inda ake ajiye tabar. A Indiya da maƙwabtanta akwai ɗan itacen areka da ake taunawa, wanda shi ma an tabbatar yana jawo ta. Areka dabam, goronmu dabam, kada a haɗa su. Akwai kuma ƙwayar cutar bairos mai suna HPV, wadda ta fi shafar can cikin maƙogwaro da tushen harshe, ita ce kuma ke haddasa sankarar bakin mahaifa. A watan Oktoba na 2023 Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafinta, Jigawa da Kano suna cikin jihohin farko. Duk da haka, akan sami wanda bai taɓa shan taba ko giya ba ya kamu, don haka rashin shansu ba dalili ba ne na ƙyale gyambon da ya ƙi warkewa.

Kama da Wane Ba Ta Wane

Wahalar farko da likita ke fuskanta ita ce, sankarar baki tana farawa ne da kamar abin da ba komai ba. Takan zo a matsayin farin tabo wanda ba ya gogewa, ko jan tabo mai laushi, ko ɗan gyambo, ko ɗan kumburi. Ba kowane farin tabo ne ke zama sankara ba, kaɗan ne daga ciki. Jan tabo bai kai fari yawa ba, amma ya fi shi haɗari ƙwarai. Mafi muni kuma, a farkonta sau da yawa ba ta da zafi.

Cututtukan da ke kama da ita suna da yawa. Ƙurajen baki na yau da kullum suna da raɗaɗi, amma sukan warke cikin kwana 7 zuwa 14. Gyambon da karyayyen haƙori ya haifar yakan rufe da zarar an goge kaifin haƙorin ko an cire shi. Farin da ke fitowa a harshen jarirai da masu raunin garkuwar jiki yana gogewa idan an sa auduga. Tarin fuka da tunjere su ma sukan fitar da gyambo a baki.

A ƙasar Hausa akwai wasu cututtuka uku da ya kamata a bambanta da ita. Ta farko ita ce noma, wadda ke cinye kunci da leɓen yara masu shekara 2 zuwa 6 da ke fama da tamowa. Mutane da yawa suna kiranta ciwon daji, sunan da ake kiran sankara da shi, alhali kuwa ƙwayoyin cuta ne ke kawo ta, kuma maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita idan an yi hanzari. A Sakkwato akwai asibiti na musamman dominta tun 1999. Ta biyu ita ce sankarar kaluluwa da ke kumbura muƙamuƙin yara cikin 'yan makonni, wadda likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958. Ita wannan da allurai ake maganinta, ba da fiɗa ba. Ta uku wani ƙari ne da ke tasowa daga tushen haƙora, ya yi shekaru yana kumbura muƙamuƙi sannu a hankali, amma ba kasafai yake yaɗuwa zuwa sauran jiki ba. Kowace daga cikin ukun nan maganinta dabam. Wanda aka yi wa kuskuren suna, an yi masa kuskuren magani.

Ido da Yatsa

Kayan aikin farko ba su da tsada: haske mai kyau, da safar hannu, da ɗan ƙyalle mai tsabta, da minti biyu zuwa biyar. Likita yakan sa mutum ya kurkure baki tukuna, domin jan goro da na fure suna ɓoye ainihin launin fata. Sai ya duba leɓe ciki da waje, da kunci, da dasashi, da ganɗa. Sai ya kama harshe da ƙyallen ya jawo shi waje, ya juya shi dama da hagu, domin can gefen baya ne ciwon ya fi laɓewa. Daga nan sai ya taɓa. Gyambon sankara yakan yi tauri a gindinsa, bakinsa ya tashi ya naɗe, ya kuma yi jini da an ɗan taɓa shi. A ƙarshe sai ya lalubi wuya. Kaluluwar da ƙwayar cuta ta tayar tana da zafi da laushi, takan kuma sauka. Wadda sankara ta kama takan yi tauri, ba zafi, daga baya ta manne ta daina motsi.

Wannan duba mai sauƙi yana ceton rai, an kuma gwada an gani. A jihar Kerala ta Indiya, daga 1996 zuwa 2004, an horar da ma'aikatan lafiya waɗanda ba likitoci ba, suka bi gida-gida suna duba bakin mutane, a wani bincike da ya ƙunshi mutum sama da 190,000. Sakamakon da aka wallafa a 2005 ya nuna cewa a cikin masu shan taba ko giya, mace-macen sankarar baki sun ragu da kimanin kashi 34 cikin 100 a yankunan da aka yi duban.

Sai dai ido yana kuskure, kuma kuskurensa iri biyu ne. Ga lissafi na misali, wanda malamai za su iya yi da ɗalibai a allo. A ce an duba mutum 1,000, kuma 20 daga cikinsu suna da ciwon da gaske. A ce mai duban yana gano kashi 80 cikin 100 na masu ciwon. Ke nan zai kama 16, mutum 4 su wuce. A ce kuma yana wanke kashi 90 cikin 100 na masu lafiya. Cikin mutum 980 da suka rage, zai yi zargin 98 ba gaira ba dalili. Jimlar waɗanda ya zarga 114 ke nan, amma 16 ne kawai masu ciwon. Darasi biyu ke cikin wannan lissafi. Wanda aka tura babban asibiti kada ya firgita, domin yawancin waɗanda ake turawa ba sankara gare su ba. Wanda kuma aka ce masa ba komai, amma gyambonsa bai warke ba, to ya koma, domin mai yiwuwa yana cikin mutum huɗun nan.

Hukuncin Madubin Likita

Tunda ido ba ya yanke hukunci, sai a koma ga abin da likitoci ke kira bayofsi. Ana yi wa wurin allurar kashe zafi, a yanko ɗan nama kamar girman ƙwayar masara, a jefa shi cikin ruwan fomalin don kada ya ruɓe. A ɗakin gwaje-gwaje ana daskarar da shi cikin kakin farafin, a yanka shi sala-sala, siraran da suka fi gashin kai sirantaka sau da yawa, a rina da shuɗi da ja, sannan ƙwararren likitan binciken nama ya duba a madubi. Abin da yake nema shi ne ko ƙwayoyin sun sauya kama, ko kuma sun fasa iyakarsu sun kutsa cikin naman ƙasa. Idan kaluluwar wuya ce, ana zuƙo ƙwayoyinta da siririyar allura.

Akwai masu tsoron cewa taɓa ciwon da ƙarfe yana sa shi yaɗuwa. Bayofsin da ƙwararre ya yi ba ya cutarwa, kuma babu likitan da zai fara maganin sankara ba tare da shi ba. Abin da ke cutarwa shi ne sakiya da tsaga da ƙuna, waɗanda ke shigar da ƙwayoyin cuta, su ɓata kamar ciwon, su kuma cinye lokaci.

An ƙirƙiro wasu hanyoyi na taimako, kamar shuɗin rini da ake shafawa a wurin, da fitilu masu haske na musamman, da ɗan buroshi da ke kankaro ƙwayoyi. Masanan da suka tattara bincike a kansu a 2015, suka sake dubawa a 2021, sun ƙarasa da cewa babu wadda ta isa ta maye gurbin yanko nama a duba.

Shi ma madubin ba ya faɗin abin da ba a kawo masa ba. A 1887 Yarima Firedirik na Jamus ya kamu da dushewar murya. Wani likita daga Ingila, Morell Mackenzie, ya yanko nama daga maƙogwaronsa, aka kai wa Rudolf Virchow, wanda a zamaninsa babu wanda ya fi shi sanin wannan fanni. Virchow bai ga sankara a cikin abin da aka kawo masa ba, aka fasa fiɗa. A watan Nuwamba na shekarar ta tabbata sankara ce. Firedirik ya hau sarauta a Maris na 1888, ya rasu a watan Yuni bayan kwana 99 a kan gado. Daga irin wannan ne likitoci suka koyi cewa dole a yanko daga gefen gyambo, a haɗo da lafiyayyen nama, a kuma yi zurfi, domin tsakiyar gyambo sau da yawa mataccen nama ne. Idan sakamako ya saɓa wa abin da ido da yatsa suka nuna, sai a sake yankowa.

Abin da Jinkiri Ke Ci

Ƙari mai faɗin santimita ɗaya yana ɗauke da ƙwayoyi kimanin biliyan ɗaya, wato ƙwayar farko ta ninka kanta kusan sau 30 kafin ido ya gan ta sosai. Daga nan kowane ninki ɗaya yana ƙara abin da duk ninkin baya suka tara. Shi ya sa ciwon da ya yi watanni kamar yana barci yakan zo ya yi girma cikin 'yan makonni.

Likitoci suna auna inda ciwon ya kai da wani tsari mai haruffa uku, TNM, wanda wani likitan Faransa, Pierre Denoix, ya assasa tsakanin 1943 da 1952. Harafin farko girman ƙarin ne, na biyu kaluluwar wuya, na uku yaɗuwa zuwa nesa. Ƙarin da bai wuce santimita 2 ba, bai yi zurfi ba, bai kuma taɓa wuya ba, shi ne mataki na ɗaya. Wanda ya haura santimita 4, ko ya kama kaluluwa, ya shiga mataki na uku ko na huɗu. Alƙaluman Amurka sun nuna cewa idan an gano sankarar baki da maƙogwaro tun tana wuri ɗaya, sama da mutum 80 cikin 100 suna raye bayan shekara biyar. Idan ta riga ta yi nisa a jiki, adadin yakan faɗo zuwa kimanin 40. A mataki na ɗaya ƙaramar fiɗa takan wadatar, mutum ya koma gonarsa yana magana yana cin abinci. A mataki na huɗu sai an cire rabin harshe ko muƙamuƙi, a haɗa da gashi da hasken na'ura da allurai, a wurare irin su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya, kuɗin kuwa ya fi ƙarfin yawancin gidaje.

Wannan matsala ba sabuwa ba ce a Arewa. A 1985 Farfesa E. O. Adekeye da abokan aikinsa suka wallafa nazarin marasa lafiya 137 masu sankarar baki, daga sashen fiɗar baki da muƙamuƙi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kaduna. Abin da ya fito fili shi ne mutane suna zuwa asibiti bayan ciwon ya riga ya yi nisa.

Masana suna kasa jinkirin gida uku. Na farko na maras lafiya ne, daga ranar da ya ga alama zuwa ranar da ya nuna wa ma'aikacin lafiya, kuma yawanci shi ya fi tsawo. Rashin zafi, da aikin gona, da kuɗin mota, da kunya, da ɗauka cewa sammu ne ko iska, duk suna ciki. Na biyu na ma'aikaci ne, idan ya ba da ƙwayoyi da ruwan kurkure baki sau biyu sau uku ba tare da ya jawo harshe ya duba ba, ko ya cire haƙorin da ke girgiɗi bai tambayi abin da ya girgiɗa shi ba. Na uku na hanya ne. Daga Achilafiya sai an je Babban Asibitin Kazaure, daga can a nufi Kano, tafiyar kimanin kilomita 80, inda Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yake da sashen fiɗar baki da muƙamuƙi da ɗakin binciken nama. Ana zuwa ganin likita, a dawo yankan nama, a sake dawowa karɓar sakamako, kowace tafiya da kuɗinta. A tsakanin waɗannan tafiye-tafiye ne mutane da yawa suke sarewa su zauna a gida.

Don rage irin wannan jinkiri ne Ingila ta kafa ƙa'ida. Jagoran da aka fitar wa likitocinta a 2015 ya ce duk gyambon baki da ya wuce mako uku ba a san dalilinsa ba, a tura mai shi ga ƙwararre cikin gaggawa. Daga Oktoba 2023 burinsu shi ne a faɗa wa mutum ko yana da sankara ko ba ya da ita cikin kwana 28. Ƙa'idar mako uku ba ta buƙatar na'ura, ana iya aiki da ita a kowane ɗakin shan magani na ƙauye.

Aikin Ɗalibi da Malami

Ɗalibin sakandare ba likita ba ne, amma sau da yawa shi ne wanda ya fi kowa karatun kimiyya a gidansu, shi ake ba takardar asibiti ya karanta. Ga alamomin da ya kamata ya riƙe. Gyambo a baki ko leɓe da ya wuce mako uku. Fari ko jan tabo da ba ya gogewa. Kumburi ko tauri a harshe ko kunci ko dasashi. Haƙori mai girgiɗi ba dalili, ko ramin haƙorin da aka cire ya ƙi rufewa. Kaluluwar wuya mai tauri marar zafi. Mutuwar leɓe ko harshe, da wahalar haɗiya ko buɗe baki, da ciwon kunne ɗaya da ya ƙi tafiya.

Idan ka ga ɗaya daga ciki a bakin kakanka ko mahaifiyarka, ka rubuta ranar da aka fara ganinsa, domin ita ce tambayar farko da likita zai yi. Ka faɗa wa manya cikin ladabi, ba tare da ka kira sunan ciwon ba, cewa malaminku ya ce irin wannan a asibiti ake nuna shi. Idan an ba da takardar zuwa Kano, ka tsaya a kan a je, a kuma koma karɓar sakamako. Malaman kimiyya kuwa suna iya shigar da duban baki cikin darasin haƙora da narkar da abinci, da madubi da tocila kawai, su kuma tuna wa ɗalibai cewa dokar taba ta Nijeriya ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba.

Baki yana cikin 'yan wuraren da sankara ke fitowa a inda ido zai gan ta, yatsa ya taɓa ta. Da magidancin nan na Achilafiya ya nuna harshensa a mako na uku, aka kuma samu wanda ya jawo harshen ya duba gefensa, da abin da za a yanke bai fi ƙwayar gyaɗa ba, ya kuma dawo gida kafin a gama noman farko.